Rigar Kwamfuta

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025
Na dawo Gwandu daga Kalgo da kwamfuta a bayan mashin. Sirajuddeen ya sa mata sabuwar furosesa, wato ƙwaƙwalwarta, ya gwada a shagonsa, zafinta digiri 55. Tun firamare muke tare, ko leƙa aikin ban yi ba, ina gefe ina shan furarsa. Yanzu bidiyon bukukuwan da nake haɗa wa mutane zai riƙa fita da wuri. Ina isowa Inna ta mayar mata da rigar atamfar da ta ɗinka mata bara saboda ƙura.

Laraba, 9 ga Afrilu
Digiri 94! Fankarta na ihu kamar injin niƙa, sai ta mutu ɗif ana tsakiyar aiki.

Alhamis, 10 ga Afrilu
Na buɗe taga, na juya mata fankar ɗaki, ni ina ta sharce gumi. 92. Bidiyon mutanen Masama bai fita ba, ango ya kira har na daina ɗauka.

Asabar, 12 ga Afrilu
Kalgo kuma. Ya sake man da ake shafa wa furosesa, ya ƙara ɗaure fanka, ya ɗora mata aiki: 57. Ya tambayi inda nake ajiye ta, na ce a kan tebur mana, da cikin murhu? Ya yi dariya. A gida 93. Na fara tunanin da bai kamata ba.

Talata, 15 ga Afrilu
Na faɗa a majalisarmu ta ƙofar Isa tela. Na ce tsohuwar furosesa Sirajuddeen ya goge ya sa mini, kuma ya san dabarar da yake yi lambar ta sauka a gabana. Ban tabbatar ba, amma bakina ya ji daɗin faɗa. Malam Abubakar na wurin, mai makarantar da Sirajuddeen ke gyara wa kwamfutoci. Yana ta kaɗa kai.

Alhamis, 17 ga Afrilu
Sirajuddeen ya kira. Bai ɗaga murya ba. "Abdulhakeem, ni? Kai ka hwaɗin wagga magana gare ni?" Na ce lamba ba ta ƙarya. Ya kashe.

Lahadi, 20 ga Afrilu
Inna ta cire rigar za ta wanke. Na kunna haka nan. 58. Bidiyon Masama ya fita tsaf, fanka ko tari. Na daɗe ina kallon rigar a kan igiya. Da ta bushe na mayar da hannuna: 70, 81, 90. Na cire, ta sauka.

Atamfa ninki biyu, ta toshe duk kafofin iska. Tsohuwar furosesa ba ta da wuta sosai, shi ya sa ta haƙura. Kuma duk zuwana Kalgo tsirara nake kai ta. Inna ta leƙo tana tambayar ko ɗinkin ne ya saki, na ce a'a. Ai ba ita ta buɗe baki a majalisa ba.

Litinin, 21 ga Afrilu
Na faɗi gaskiya a majalisa. Dariya suka yi, Isa ya ce zai ɗinka mata babbar riga. Malam Abubakar ba ya nan, ashe tun makon jiya ya kwashe kwamfutocinsa zuwa Birnin Kebbi. Na bi shi gida, ya ce ya riga ya yi magana da wani, ba zai zama ƙaramin mutum ba. Abincin yaran Sirajuddeen na zubar.

Juma'a, 25 ga Afrilu
Na ɗauki waya, na ajiye. Kunya.

Asabar, 3 ga Mayu
An yi wa Sirajuddeen haihuwa, yau suna. A bakin mutane na ji. Na je duk da haka, na gaya masa komai a tsaye gefen rumfa. Ya ce, "Ba komi, Malam, ya wuce," ya miƙo mini abinci kamar yadda ya miƙa wa kowa. Malam. Wallahi gara a ce zagina ya yi.

Kwamfuta 56, lafiya lau. Sai dai kamar kibod na ɗan tauri, jibi zan kai masa Kalgo ya duba. In ya ce babu abin da ya same shi, akwai mawus, shi ma sai in kai.