Ƙofofin da Na Hana a Jefar

Goggo mai filin shawara,

Don Allah ki duba lamarina, kaina ya kulle. Shekara tara ke nan rabona da gida. Na bar 'yata tana rarrafe, yau ita ke karanta wa uwarta saƙona a waya.

Sana'ata adon cikin gida: awon ɗaki, zaɓen fenti da labule da fitilu, da sanin inda kujera za ta zauna. Ɗan wan babana ne ya kawo ni garin nan, Yaya nake ce masa. Ba zan ɓoye alherinsa ba. Shi ya biya mini kuɗin hanya, a falonsa na yi wata bakwai, matarsa ba ta taɓa ɗaure mini fuska ba. Da muka buɗe kamfani sunansa kaɗai aka sa a rajista, don a lokacin shi ke da takardun zama. Ya dafa kafaɗata ya ce kashi ɗaya cikin uku nawa ne, tsakaninmu ba sai an rubuta ba. Shi ke sa kwat ya zauna da masu gida, ni ke hawa tsani. Ban taɓa jin haushin haka ba, don ya fi ni iya baki nesa ba kusa ba.

Ladanmu kashi goma sha biyar ne cikin ɗari na duk abin da mai gida ya kashe. In ya kashe da yawa mu samu da yawa, in ya tsuke hannu mu ma mu ji a jikinmu.

Bara muka sami kwangilar da ta fi kowacce, gidan bene na wani mai motocin dakon kaya. Matarsa ce mai magana. Leburori sun sa mata suna Madam A-Canza, don sau huɗu muka yi wa falonta fenti. A gidan akwai tsofaffin ƙofofin katako, irin masu nauyin nan da sai mutum biyu sun kama. Ta ce a cire a jefar, a yi odar sababbi daga waje. Na kankare gefen guda na ga katako lafiya lau, datti ne kawai da tsohon fenti. Zuciyata ta ƙi. Na tare mijin a gareji na gaya masa gaskiya, har na ƙara da cewa tsofaffin kujerun gidan ma sabon yadi kawai suke so. Ya yi murna ya ce a yi hakan. Kuɗin aikin ya ragu da kusan kwata, ladanmu ma haka.

Da aka gama Madam ta tara ƙawayenta su ga gida. Wata ta shafa ƙofar falo ta tambayi daga wace ƙasa aka kawo ta. Mijin ya washe baki ya ce ai tsofaffin ne, yaron nan ya gyara su. Yaron nan ni ne, da furfurata. Madam ta yi wata irin dariya, ta ce ai haka mutanen ƙauye suke, ko gwangwanin madara ba sa iya jefarwa. Ta sa mai aiki ta juye ragowar abinci a leda ta miƙo mini, wai tunda ina son abin da aka gama da shi. Yaya yana tsaye, dariyarsa ta fi ta kowa ƙarfi. Na karɓi ledar, Goggo, har da cewa na gode. Wannan godiyar ce ta fi ci mini rai.

Ƙawayenta biyu da suka yi mana alkawarin aiki suka janye. Yaya ya kira ni ofis ya ce na yi kyauta da abin da ba nawa ba, ya cire asarar duka daga kasona. Yanzu kuma ya ajiye mini takarda: in zama ma'aikaci mai albashi, hotunan duk aikin da na yi na kamfani ne, in kuma na bar shi ba zan taɓa sana'ar nan a garin ba sai bayan shekara biyu. Ya ba ni zuwa ƙarshen wata. Da na tuna masa kasona, ya ce in nuna masa inda aka rubuta. Ya kuma buga wa Innata waya cewa na fara girman kai. Tsohuwa ta kira ni tana kuka, wai in bi na gaba da ni.

Na sani ban shawarce shi ba kafin in je gareji. Amma laifin ya kai haka? In sa hannu, ko in tattara in koma gida? Abin da na tara a shekarun nan: kuɗin tikiti, kuɗin hayar wata biyu, injin huda bango ɗaya, da tef ɗin awo biyu.

Naki,
Mai Hawa Tsani

*

Ɗana Mai Hawa Tsani,

Zan fara da abin da ba za ka so ji ba. A kan katako ka yi gaskiya, a kan mutane ka yi kuskure biyu. Matar nan ita ce mai magana a aikin, ka zagaye ta ka je wurin mijinta, kuma a gaban ƙawayenta ta ji kunyar. Wannan bai halatta mata wulaƙancin da ta yi maka ba, rashin tarbiyya ne tsagwaronsa, amma ka san inda wutar ta taso. Na biyu, ladan da ka rage kashi biyu cikin uku na yayanka ne. Yana da haƙƙin a tambaye shi.

Iyakar laifinka ke nan. Asarar abokan tarayya raba ta ake yi yadda ake raba riba, ba a ɗora wa mutum ɗaya. Takardar nan kuwa ba ƙofofi suka haife ta ba. Wanda ya ce ka nuna masa inda aka rubuta ya daɗe da sanin ba a rubuta ba, dalili kawai yake jira.

Kada ka sa hannu a watan nan. Da zarar ka amsa sunan ma'aikaci, da hannunka ka shafe maganar kaso. Tattara duk saƙon waya da shaidar banki da ke nuna ana ba ka kashi ɗaya cikin uku, ka kai wa lauya tare da takardar. Doka ta bambanta daga wuri zuwa wuri, ban yi maka alkawarin nasara ba, amma kuɗin ganin lauya sau ɗaya ya fi shekara biyu a zaune arha. Sharaɗin nan na hana ka sana'a shi ne mafi muni, kada ka yarda da shi ko da albashin ya yi maka daɗi.

Sannan ka nemi dattijo ɗaya da yayanka ke jin nauyinsa, ku zauna ku uku. Ka amsa naka kuskuren da bakinka, ka nemi a rubuta kasonka, ko a biya ka a rabu lafiya. Ku cire Inna daga ciki, ba ta san kwangila ba, hawan jini kawai za ku sa mata. Matarka kuwa ka gaya mata komai yau, ita ma jiran shekara tara ta zuba a kamfanin nan.

In ka tsaya da ƙafarka nan gaba, ka yanke ladan aikinka daban tun farko, a rubuce, tare da kafin alƙalami da adadin canjin da mai gida zai iya yi kyauta. Tsarin da kuke kai yanzu duk ranar da ka faɗi gaskiya sai ya ci ka tara.

Ka shirya wa abu mafi ɗaci: mai yiwuwa ba za ka ga kason nan ba har abada, kuma 'yan'uwa a gida su ce kai ne butulu. Ko da hakan ta faru, gara ka fita da sana'arka a hannu da ka zauna an ɗaure ta. Allah ya warware maka, ya sada ka da iyalinka cikin mutunci.

Goggo