Baƙuwa a Jakar Kyamara

Wida, Laraba

Zuwa ga maigidana Setonji,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya aiki, ya hayaniyar Kwatano? Ina fata murar nan ta sake ka. Mu nan lafiya lau, Innarka ma tana gaishe ka.

Ban manta da sharaɗinmu ba: in shekara ta ƙare ba a rataye hotona a bangon kowa ba, in ajiye kyamara in zo in taya yayarka sayar da atamfa. Maganar ta yi mini zafi, ban dai nuna maka ba. To, kada ka yi saurin share mini rumfa. Madam Akpovi, mai masaukin baƙi na bakin teku, tana neman hoton faɗuwar rana don zaurenta, kuma jibi za ta zaɓa. Ni da mai hoton nan Degbe muke takara, wanda ko teku ya ɗauka sai ta fito a karkace kamar za ta zube. Gajimare ya hana mu sakat duk makon nan, amma masunta sun ce gobe gari zai washe.

Taka har kullum,
Fifame

Wida, Lahadi

Maigida,

Ina gaisuwa, da fatan kana cin abinci a kan lokaci. Ka zauna kafin ka karanta.

Garin ya washe kuwa. Da la'asar na buɗe jaka, sai ga mesa daga gidan bautar mesoshi ta naɗe a kan kyamarata tana barci. Ka san baƙuwa irin wannan ba a korar ta, ba a kuma aika yaro da ita. Wanda ta sauka wa shi ke mayar da ita gida. Innarka har da guɗa, wai arziki ya shigo, ni kuwa idona na kan rana. 'Yan acaɓa duk suka ƙi mu, sai na rataya ta a wuya na taka da ƙafa, ina jin kamar in yi kuka. Kafin in isa gidan bautar, rana ta kusa nutsewa, teku kuma tana can nesa.

Iya Dansi ce ta karɓe ta, tsohuwar nan mai kula da mesoshi, wadda tun muna yara ba ta taɓa yarda a ɗauke ta hoto ba. Ta dubi kyamarar, ta dube ni, ta ce, "Wato rana kika bari don baƙuwarmu? To, ɗauke ni maza, kafin in sake shawara." Hasken ƙarshe ya sauka ja a kan farin zanenta. Nan take na ɗauka.

Madam ta zaɓi hoton Degbe, da karkatacciyar tekunsa. Na yi masa barka, ya tafi yana taƙama.

Amma jiya 'ya'yan Iya Dansi suka sa aka wanke nawa babba, suka rataye shi a ƙofar gidan bauta, inda duk baƙon da ya zo Wida sai ya bi. Tsohuwar ta ce daga yau ni ce mai ɗaukar hoton baƙinsu.

Don haka ka ba yayarka haƙuri, ta nemi wata. Ina kewarka ƙwarai, amma ba zan zo ba. Kai ka zo.

Matarka mai hoto,
Fifame