Ni Na Bar Mata Ruwan Goron

Ƙofar Galadima,
Birnin Zariya.
9 ga Mayu, 1976.

Zuwa ga Yayata Asabe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam Haruna da yara, Ya kuma sauƙaƙa muku zaman Ikko da ruwanta da ba ya ɗaukewa. Mu nan kowa lafiya. Ƙafar Baba ta yi sauƙi, har ya koma zuwa Juma'a da kansa. Inna kuwa tana nan da mitarta, wai kin manta hanyar gida. An yi bikin ɗan'uwanmu Kabir lafiya, amarya ta tare, kuma a kan bikin nan nake so in yi miki magana, don in ban amayar wa wani ba zuciyata za ta fashe.

Atamfa turmi biyu da kika aiko mana ni da ƙanwarmu Maijidda sun iso saura mako uku biki, ɗaya ruwan hoda, ɗaya ruwan goro. Kin san al'adar gidanmu, babba ke fara zaɓe. Inna ta shimfiɗa su a gadonta, cikin ɗakin nan nata da ko tsakar rana sai an laluba. Ni ban ma kalli atamfar ba, Yaya, idon Maijidda nake kallo. Na ga ya tsaya a kan ruwan hodar, sai na miƙa hannu na ɗauke ta. Tun muna yara ita ce fara, ita komai ke karɓa, ni kuwa baƙar gida a ba ni shuɗi ko ruwan ƙasa, wai ba sa nuna datti. Na ce yau dai ni zan ɗauki abin da take so. Ta naɗe ruwan goron har da godiya, wannan ma ya ƙara ba ni haushi. Washegari muka kai wa tela a Ƙofar Doka, na biya kanti na sayo farar hoda da jan baki irin nata.

Saura kwana biyu biki Goggo Hajo ta iso daga Tukur-Tukur, da yake har yanzu ita ke yi wa amaren danginmu kwalliya. Ta ce a kawo ɗinki ta gani, amma ba a ɗaki ba, don ita ba ta yarda da madubin ɗaki ba. Da hantsi take fito da mutum tsakar gida, a inuwar katanga inda akwai haske amma rana ba ta dukan fuska, ta sa a wanke fuska tas, a ɗaure kai da farin kallabi, sannan ta riƙa ɗora zane ƙarƙashin haɓa ɗaya bayan ɗaya. Ta ce ba zanen ake kallo ba, farin ido da haƙora ake kallo. In sun yi haske launin naki ne, in fuska ta yi furu-furu a ajiye shi komin kyansa. Da ta ɗora mini ruwan hodar sai ta tambaya ko zazzaɓi na yi. Ta janyo zanen Maijidda ta ɗora mini, ta miƙo madubi. Wallahi ban taɓa ganin kaina haka ba. Fatata ta yi sheƙi kamar an shafa mata man shanu, idona ya fito. Goggo ta ce shekara ashirin da biyu ana ɓoye ni cikin shuɗi, ta ce in watsar da farar hodar, kwalli da jan baki ruwan makuba sun ishe ni. To, amma an riga an yanka. Maijidda ta ce mu musanya, sai dai siririya ce, rigarta ko kafaɗata ba ta wuce ba.

Haka na sha ruwan hodata ranar biki kamar majinyaciya. Ita kuwa kin san ta, ko buhu aka rataya mata sai ya yi kyau. Akwai wani Malam Nasidi, abokin Kabir, makaranta ɗaya muke koyarwa. Wata huɗu ke nan kullum sai ya tsaya ya gaishe ni a bakin aji. Bai furta komai ba, ni ma ban gaya wa kowa ba, amma na riga na sa rai. Ranar kai amarya mun fito zaure, ya gaishe ni da ladabi, sannan ya ja Kabir gefe ya tambaye shi wace ce mai ruwan goro. Kabir da bakinsa ya ba mu labari yana ta dariya. Launina ya gani a jikinta, Yaya, kuma ni da hannuna na bar mata.

Asabar da ta wuce gwaggwannin Malam Nasidi suka aiko za su zo ganinta. Maijidda ta kwaso zannuwanta biyar ta same ni, ta ce Goggo ta koma, ni na ga yadda ake gwajin, in zaɓar mata. Ba ta san komai ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan, don na rasa inda zan kama ta da laifi. Na zaunar da ita inuwar katanga, na ɗora mata wani ruwan toka, na ga ya kashe mata fuska murus. Ta ɗago ido tana tambaya ko shi ne. Na daɗe riƙe da zanen nan, na daɗe ƙwarai, har hannuna ya yi tsami. Sannan na ajiye shi na ɗauko wani kore, na ce shi za ta ɗaura, na zizara mata kwalli da kaina. Sun zo, sun yaba, bayan Salla za a sa rana. Inna sai sa mini albarka take yi. Gaskiya na faɗa wa yarinyar nan, kuma har yau ina jiran in ji daɗin hakan, shiru. Ki sa ni a addu'a, don Allah kuma kada maganar nan ta kai kunnen Inna.

Ki gaishe da Malam Haruna, ki shafa mini kan Binta da Yakubu. Baba da Inna da Kabir da amaryarsa Kande duk suna gaishe ku. Maijidda ma tana gaisuwa, ta ce in roƙe ki ki duba mata leshi mai kyau a can na ranar aurenta. Launin kuma, ta ce ni zan zaɓa.

Ni ce ƙanwarki,
Safiyatu.