Kujerar Kotun Ƙoli da Ta Raba Mini 'Ya'ya

Ni ce Ardith Vanderploeg, matar marigayi Orrin, tsohuwar alƙaliyar kotun gunduma. Da hannuna nake rubuta wannan, da hankalina, ba wanda ya tsaya a kaina. Likita ya ce zuciyata ta gaji, da wuya in ga girbin masarar bana. Zuciyar ce ta gaji, kaina kuwa garau yake, saboda haka kada wani cikinku ya ce magani ne ke magana. Wendell, Corinne, Boyd, da ku nake. Lauyana zai karanta muku takardar rabon gado. Wannan tawa ce, kuma a fusace na rubuta ta.

Na ɗaya. Gida da gona na Boyd ne. Shi ya zauna ya yi noman, shi ya yi jinyar mahaifinku, kuma shi bai taɓa shiga gidan rediyo ya ci mutuncin jininsa ba.

Na biyu. Abin da na yi niyyar bar wa ƙungiyarmu ta lauyoyi masu ra'ayin mazan jiya, na soke. A ba asibitin garin nan.

Kun san a kicin ɗina aka kafa ƙungiyar nan, kuna yara kuna rarrafe a ƙarƙashin tebur. Abin da ya haɗa mu abu ɗaya ne. Mun gaji da alƙalan da ke rubuta son ransu su kira shi doka. Muka ce alƙali ya karanta doka yadda aka rubuta ta, ko ta yi masa daɗi ko ta yi masa ɗaci. Na ɗauka kowa da gaske yake. Ashe wasunmu haushinsu kawai shi ne ba nasu son ran ake rubutawa ba.

Ban gane haka ba sai da ƙarar zaɓen gunduma ta zo gaban Corinne a kotun ɗaukaka ƙara, inda take alƙalanci. Ɗan takarar jam'iyyarmu ya faɗi, ya nemi a zubar da ƙuri'un wasu unguwanni. Babu hujja, ta kori ƙarar. Na karanta hukuncin har ƙarshe, ban ga inda zan sa jan biro ba. Da gwamna, wanda shi ma namu ne, ya miƙa sunanta don kujerar kotun ƙolin jiha, sai gidanmu na siyasa ya dare biyu. Ɓangaren Lyle Brandvold, shugaban ƙungiyar na yanzu, suka buga takardu da hotonta, suka rubuta "maciya amana" a ƙasa, suka bi motoci a harabar cocinmu suna maƙalawa ana cikin sujada. Na fito na tarar da fuskar 'yata a gilashin motata.

Lyle ya zo har gidan nan wai ya yi mini bayani. Na zuba masa gahawa, na yanka masa kek. Yana ci ya ce, "Ardith, zamani ya canja. Yanzu ba alƙalin wasa muke nema ba, ɗan wasa muke nema da zai ci mana ƙwallo." Na janye farantin daga gabansa, na buɗe masa ƙofa.

Na uku. Wendell, kai ne babba, kuma kai ne sanata a majalisar da za ta tabbatar da ita. Na kira ka na yi maka tambaya ɗaya: shin ƙanwarka ta kauce wa doka? Ka ce a'a. Ka ce amma in ka goyi bayanta, su Lyle za su gama da kai a zaɓen fid da gwani. Ka tashi a zauren majalisa ka ce kana da shakku kan amincinta, ka sake faɗa a gidan rediyo, ka jefa ƙuri'ar ƙin amincewa, sunanta ya faɗi. Da ƙaurace wa zaman ka yi saboda 'yar'uwarka ce, da na ce ka yi daidai. Da ka yarda ta yi kuskure, da na jinjina maka ko da 'yata ce. Amma ka san a kan gaskiya take, ka sayar da ita don kujera.

To, ina kujerar yanzu? Da zaɓen ya zo, su Lyle suka tsayar da wani, suka bi gida-gida suna cewa ai kai yayan maciya amana ne, jini ba ya ƙarya. Ka faɗi. Mutanen da suka koya maka yanka 'yar'uwarka, me ya sa ka zaci wuƙarsu za ta ƙi wuyanka?

Jirgin kamun kifin mahaifinku naka ne, ba sharaɗi. Amma ina umartarka, a matsayina na wadda ta haife ka, ka taka da ƙafarka zuwa gidan Corinne, ba saƙon waya ba. Ka faɗa a gaban 'ya'yanta cewa hukuncin uwarsu daidai ne kuma ka sani tun lokacin. Sannan ka maimaita a gidan rediyon da ka faɗi akasin haka.

Na huɗu. Corinne, kada ki yi murmushi, naki ya fi zafi.

Ana saura kwanaki a kaɗa ƙuri'a kan sunanki a majalisa kika je liyafar masu ba jam'iyya kuɗi. Suka kewaye ki suna tambaya kan ƙarar tallafin makarantun coci, wadda ke kan hanyar zuwa gabanki. Kika ce musu su kwantar da hankalinsu, ba za su yi da-na-sani ba. Ke da bakinki kika ba ni labari, kina dariya, wai ai ba ki yi alƙawarin komai ba, wayo kika yi musu. Ni kika raina wa hankali? Sun ji abin da kike so su ji. Wendell ɗan siyasa ne, tsoro sana'arsu ce. Ke kuwa kin yi rantsuwa. Ranar da kika kori ƙarar zaɓe kin fi ƙarfin kujerar da suke yi miki rowarta. Ranar liyafa kika durƙusa mata, kuma ko ita ba ki samu ba.

Kina ƙarama lokacin da na yanke hukuncin iyakar gona a kan ƙanin fastonmu. Lokacin sanyin nan kaf ba wanda ya zauna a bencinmu a coci, matan da muke waƙa tare suka daina gaishe ni. Mahaifinku ya ce ai mun samu wurin miƙe ƙafa. Ba mu mutu ba. Alƙalin da ba zai iya jure benci fayau ba, ya koma sayar da inshora.

Ƙarar makarantun nan tana gaban kotunku yanzu. Ni ina goyon bayan makarantun, ke ma haka, kuma wataƙila doka tana tare da su. Duk da haka ki janye daga shari'ar, ki faɗa wa abokan aikinki dalili. Iyayen da suka shigar da ƙarar sun cancanci alƙalin da bai riga ya kashe wa ɗaya ɓangaren ido ba. In kin janye, rigata ta alƙalanci taki ce. In kin ƙi, Boyd ya riƙa lulluɓe tumatir da ita ranar da sanyi ya yi tsanani, ta fi amfani a can.

Na biyar. Ɗakin hutun bakin tafki na Wendell da Corinne ne tare. Ba a raba shi, ba a sayar da shi sai ku biyu kun sa hannu. Rufin yana yoyo, dole ku yi magana. Kuma Corinne, Tessa 'yar Wendell za ta yi aure, an aiko miki da kati kin mayar. Yarinyar ba ta jefa ƙuri'a a kanki ba. Ki je.

Na shida. A jana'izata kada wani ɗan jam'iyya ya yi jawabi, ko daga wane ɓangare. Za su so su ce ni tasu ce. In Lyle ya zo, a bar shi ya shiga, coci na kowa ne, amma ya zauna a baya. Har yau ra'ayina na mazan jiya ne, da shi zan shiga kabari. Ban bar gidan ba, su suka kwashe kayan cikinsa suka sayar.

Na yi fushi, amma ban tsine wa kowa ba. Wendell, Allah ya ba ka ƙarfin zuciyar da ka rasa ranar nan. Corinne, Allah ya tsare miki harshe da alƙalami. Boyd, Allah ya saka maka, ya albarkaci ƙasar da kake nomawa. Jikokina duka, Ubangiji ya raya ku.

Boyd, duk shekara ranar bikin godiya ka gasa talotalo ka kira su biyun. In sun ƙi ɗaga waya, ka ɗauki motar gona ka je ƙofarsu ka yi ta danna oda har maƙwabta su fito. Ku zauna a tebur ɗaya, ku yi faɗa in kun ga dama, amma kada wanda ya tashi sai an wanke kwanoni.

Mahaifiyarku,
Ardith