In Kai Ƙarar Babbanmu?

Yaya,

Ka yi haƙuri, zan ɗan dame ka. Ya ƙafar Inna, ya yara? Ina lafiya, sai bayana da tsayuwar guga ke ɗan taɓawa. Alhamdulillahi.

Ranar hutu ina taya 'yan sa-kai fassara wata manhajar kyauta. A da, mai tambaya dariya ake masa, ni ma na sha. Yanzu mun kafa dokar hana wulaƙanci a ƙungiyar, zama ya yi daɗi.

Sai jiya babbanmu na ƙungiyar ya ce wa wata sabuwar zuwa da ta yi tambaya, "Ke ƙwaƙwalwar kifi gare ki?" Ni kaɗai na ji. Ta ce za ta bar mu. Doka ta ce a kai ƙara, ni kuwa annamimanci nake tsoro. Ka fi ni karatu. Don Allah ka amsa da wuri, kafin ta tafi.

Ƙanwarka