Ina Ƙafafun Katakon da Aka Kwance Mana?

Zuwa ga Malam mai kula da sha'anin tsofaffin sojoji a Gusau,

Gaisuwa mai yawa da girmamawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Bayan haka, ni ne Labbo, mutumin Furfuri ta ƙasar Bungudu. A yaƙin Jamus na bar ƙafata ta hagu, daga gwiwa zuwa ƙasa. Tun da na dawo gida da sanduna biyu nake tafiya, a zaune nake noma, ina jan jiki daga kunya zuwa kunya, ban taɓa roƙon kowa ba. Na sa an rubuta wannan takarda, za a kuma karanta ta a kasuwa, don na gaji da aiko saƙon baki ba amsa.

Na farko. Bara da kaka masinjanka ya zo ya ce za a ba mu ƙafar katako. Muka zo Gusau aka auna mu da zare. Da bazara ƙafafun suka iso, da madaurin fata. Ranar da aka ɗaura mini tawa na saki sanduna na taka har bakin ƙofa, hawaye na zuba, ba na jin kunyar faɗa. Amma me ya sa ba a ɗaura mana ba sai ranar da babban Bature ya zo rangadi? Aka jera mu a rana cikin sababbin rigunan da aka ba mu, ya duba mu ya gyaɗa kai. Ƙurar motarsa ba ta lafa ba aka ce mu kwance ƙafafun, wai za a rage musu tsawo. Na ce tawa daidai take. Masinja ya ce, "Baba, umurni ne." Har rigunan aka karɓe.

Na biyu. Sale mutumin Tsafe, wanda muka yi jinya ɗaki ɗaya a asibitin soja, ya ce ya ga tasa ɗaure a jikin wani, a garin da Baturen ya sauka bayan namu. Ya gane ta da tsagar da ke jikin madaurin. Ni ban gani da idona ba, ba zan rantse ba, amma ban taɓa kama Sale da ƙarya ba. To, ranka ya daɗe, ƙafafun nan namu ne, ko na rangadi ne masu bin Bature gari-gari?

Na uku. Na hau jaki na zo in tambaya da kaina. Sabon ofishinku an ɗaga shi bisa tudu, matakala doguwa, gabanta lambatu da katako guda a gicciye. Sandata ta zame, na faɗa ciki, mutane na kallo. A gindin bedi, wato itacen dogon yaro, na tarar da tsofaffi da guragu zaune tun safe. Mai gadi ya ce mai magana ya hau sama. An ce saboda ruwa aka ɗaga ginin. Na yarda. Amma ruwa bai hana a zuba ƙasa gefe ɗaya a yi gangare ba. Zuciyata ta fara ba ni cewa wanda ya tsara matakalar nan ya san su wa ba za su iya hawa ba.

Kan alkawarinku na karɓi aron gona a garin Kekun Waje. Hadari ya fara haɗuwa, sanda kuwa nutsewa take a taɓo. In shuka ta wuce ni, mai gona zai ba wani.

Saboda haka ina roƙon a maido mana da ƙafafunmu kafin ruwan shuka. In kuwa tun asali ba namu ba ne, a gaya mana da baki, mu daina jira. A ba mu izini mu yi gangaren nan, ƙasar ma mu za mu kawo da jakunanmu. Kafin nan, ka riƙa saukowa gindin bedi kana jin mu.

Allah ya ƙara maka girma, ya tsare ka daga zaluntar kowa, ya kai ka tsufa da ƙafafunka biyu.

Wassalam.

Labbo tsohon soja, Furfuri.