Makunnin Inna

Yaya, assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali? Mu nan Zongo lafiya lau.

Albishirinka! Ampul ɗin nan, ƙwayayen lantarki masu rage haske ta wayar salula, da ka aiko saboda idon Inna sun yi rana. Da farko ta ƙi su, wai ba za ta roƙi waya ta kunna mata wuta ba. Sai na samo makunnin murɗawa a unguwar Jonquet. Mai gyaran kuran, wato lantarki, zai kafa shi bakin ƙofa, Inna ta ce a'a, ƙasa, kusa da dardumarta. Ya yi gunaguni, amma ya kafa.

Jiya ta murɗa da kanta har hasken ya yi mata daidai, ta buɗe Alƙur'aninta. Rabona da jin karatunta tun aikin idon nan!

Gai da yara, a sa mu a addu'a. Inna ta ce ka kira, ka ji da kunnenka.

Ƙanwarka.